Lambu a tsakar gidan siminti: amsa ga wata uwa daga Tudun Jukun

"Assalamu alaikum Malam. Ni uwa ce mai 'ya'ya uku, muna zaune a Tudun Jukun, Zariya. Babbar shekararta 11, na tsakiya 7, autan 4. Kwanaki suka ga hotunan lambunan ƙasashen waje a wayata, furanni jere-jere kamar an shimfiɗa darduma, tun daga ranar suka hana ni sakat wai sai mun yi irinsa. To tsakar gidanmu duk siminti ne, ruwa kuma saye muke yi wurin 'yan garuwa idan rijiya ta ja baya. Darbejiyar da ke ƙofar gida bara maigida ya sa aka sare saboda ta tsaga katanga, yanzu ko maganar dashe ba ya son ji. Shin bishiya a gida tana da amfanin da ya kai a sake wannan wahala? Kuma me zan yi da yaran nan wanda ba zai zama wasan kwana biyu ba?"

Wa alaikumus salam, Hajiya. Allah ya raya yaran nan, ya yi musu albarka. In na fahimce ki, abu uku kike tambaya: ko ya dace a sake dashe a gidan da bishiya ta taɓa yi wa ɓarna, ko abin da yara suka gani a hoto zai yiwu a ƙasarmu, sannan yadda za a riƙe hankalin yaro a kan shuka har ta kai ga amfani. Ni sana'ata renon itatuwa ce a gefen Samaru, kuma nakan taya malaman firamare da na Islamiyya kafa lambun makaranta. Shawarata a dunƙule ita ce ku fara da kaɗan, kowane yaro a ba shi nasa, ku daure ku tsallakar da shi rani biyu.

Alhaji da darbejiya

Kada ki ga laifin maigida, abin da ya gani gaskiya ne. Darbejiya 'yar asalin Indiya ce, a zamanin Turawa aka shigo da ita, kuma ta karɓu a Arewa ne saboda ba ta jin fari. Abin da ya ba ta wannan juriya shi ne saiwarta, wadda ke nutsawa ƙasa tana kuma bazuwa gefe neman danshi. Idan aka dasa ta taku biyu daga katangar da tushenta bai yi zurfi ba, to tsaga tana nan tafe. Wanda ya zaɓa mata wuri ne bai auna girmanta na gaba ba.

Amma ki lura da abin da gidan ya rasa. A watan Maris da Afrilu siminti da kwano suna shan rana tun hantsi, su riƙe zafin, sai bayan isha'i su riƙa sakinsa a hankali, shi ya sa ɗaki ba ya shiguwa ko da rana ta daɗe da faɗuwa. Bishiya tana tare ranar kafin ta sauka a kan bango, sannan ganyenta yana fitar da ruwan da saiwa ta jawo, wannan ruwan ne ke sanyaya iskar da ke ƙarƙashinta. Rumfar kwano tana iya aikin farko, ba ta iya na biyun. Ga kuma ruwan sama. Zariya tana samun kimanin milimita 1,000 a shekara, daga Mayu zuwa Oktoba. A gidan da aka dafe da siminti kaf, ruwan nan kwata yake bi ya fice, bai shiga ƙasa ba. Idan unguwa duka ta yi haka, ba abin mamaki ba ne a ga kwalbati na ambaliya a Agusta, rijiyoyi kuma suna ƙafewa tun Fabrairu. Ban ce bishiya ɗaya za ta cika miki rijiya ba, amma duk ƙasar da aka bari a buɗe da saiwa a cikinta tana shanye ruwa. Ƙurar hunturu ma ganye yana rage ta kafin ta kai taga.

Zazzagawan dauri ba su bukaci a yi musu wannan bayani ba. Birnin Zariya da rimi aka san shi, har yau akwai unguwanni irin su Rimin Tsiwa da Rimin Doko. A gona ma, manomi yana sassabe ya bar ɗorawa da kaɗanya da kuka da tsamiya, don daddawa da man kaɗe da miya duk daga can suke. Kaɗanya takan kai shekara 15 ko fiye kafin ta fara 'ya'ya, ke nan wanda ya bar ta a gona yakan san ba shi kaɗai zai ci ba.

Akwai abin da ya faru a Nijar da nake yawan ba mutane labari. Daga shekarun 1980, manoman Maraɗi da Damagaram suka daina tumɓuke tohon da ke fitowa daga tsofaffin kututture a gonakinsu. Sai su zaɓi reshe mai ƙarfi, su rage sauran, su kare shi daga dabba da gatari. Suna kiran abin sassabin zamani. An ƙiyasta cewa ta haka itatuwa kusan miliyan 200 suka dawo a fili mai faɗin hekta miliyan 5, da yawansu gawo ne, wanda ke zubar da ganye da damina ya bar gero ya sha rana, ya kuma yi wa ƙasa taki. Tsaro da kulawa ne suka yi wannan aiki. Mu nan kowace damina ana bikin dashe, a ɗauki hoto, kafin Maris akuya da fari sun gama da mafi yawansu, abin yana ci mini rai ƙwarai.

Idan za ki yi wa Alhaji magana, ki tuna masa hadisin Anas da Bukhari da Muslim suka ruwaito, cewa babu Musulmin da zai yi dashe ko shuka, tsuntsu ko mutum ko dabba su ci daga ciki, face ya zama sadaka gare shi. Sannan ki nuna masa cewa wannan karon da awo za a yi.

Lambunan da yara suka gani

Daga yadda kika siffanta hoton, ya yi kama da Keukenhof na ƙasar Holan. Can ana binne kawunan furanni masu kama da albasa kimanin miliyan 7 duk shekara, yawanci tulip, kuma wajen mako takwas kawai ake buɗe wurin, daga ƙarshen Maris zuwa tsakiyar Mayu. Tulip ba ya fure sai ya yi makonni a cikin sanyi mai tsanani, irin wanda hunturunmu bai kai ba. Ki faɗa wa yara gaskiya, wannan ba zai yi a Zariya ba. Haka lambun fadar Versailles a Faransa, wanda André Le Nôtre ya tsara wa Sarki Louis na 14. Duk da dukiyar masarauta, ruwa ya gagare su. A 1684 aka kammala wata na'ura mai manyan ƙafafu 14 a kogin Seine don turo ruwa, amma duk da haka sai ma'aikata su riƙa buɗe maɓuɓɓuga idan sarki ya doso, su rufe idan ya wuce.

Waɗanda za su amfane ku su ne lambunan ƙasashen zafi da ƙarancin ruwa, kuma a nan Musulmin dauri sun yi fice. A Granada ta Andalus, sarakunan Banu Nasr sun jawo ruwa daga kogin Darro ta wata doguwar magudana zuwa fadar Alhambra da lambun Generalife. A Kashan ta Iran akwai lambun Fin na zamanin Shah Abbas, wanda aka kammala a 1590, ruwan marmaro yana bin siraran magudanai a ƙarƙashin dogayen itatuwa, hamada kuma tana bayan katanga. A Marakish ta Maroko akwai Agdal, tun ƙarni na 12, cike da zaitun da lemu da rumman, ana ba su ruwa daga manyan tafkuna da ke samun ruwan duwatsun Atlas. Ki duba abin da ya haɗa su: katanga mai tare iska, inuwa, ruwa kaɗan da ake tafiyar da shi da lissafi, da itatuwan da ake ci. Tsakar gidan Bahaushe tana da katangar tun asali.

Wanda na fi so yara su ji labarinsa shi ne lambun Al-Azhar na Alƙahira. Wurin juji ne da aka shafe kusan shekara 500 ana zuba shara da ɓaraguzai. Gidauniyar Aga Khan ta kwashe, ta gyara ƙasar, ta gwada tsirrai a wuraren reno don a ga wanda zai jure, aka buɗe shi a 2005 da faɗin hekta 30. Sai Kirstenbosch na Afirka ta Kudu, da aka kafa a 1913 don tsirran ƙasar kawai, yau kuma daga ko'ina ake zuwa kallonsa. Mu kan raina namu, alhali duk wanda ya tsaya ya kalli furen ɗorawa yana reto a watan Maris, ko ya shaƙi ƙamshin furen lalle da yamma, ya san muna da abin nunawa.

Kafin ku sayi komai, ki kai su su ga na kusa. Jami'ar Ahmadu Bello tana da lambun tsirrai a Samaru, a nemi izini a shiga. Da rani kuma ku leƙa fadamar Galma ko bakin Kubanni, su ga yadda 'yan lambu ke jan ruwa daga fangali zuwa fangali.

Wace bishiya, a ina, yaushe

A ƙaramin gida ki manta da darbejiya da mangwaro da rimi da turare, sai in akwai tazarar mita 8 zuwa 10 daga gini da rijiya da sokawe. Gwaba da lemun tsami da rumman suna zama lafiya a mita 3 zuwa 4 daga bango. Gwanda da zogale mita 2 ya ishe su. A duba sama kada a dasa a ƙarƙashin wayar lantarki. In da hali a sa bishiyar a yammacin ɗaki, domin ranar la'asar ce ke gasa bango.

Siminti ba sai an fasa shi duka ba. Birkila ya yanke da'ira mai faɗin mita ɗaya, a haƙa rami ƙafa biyu faɗi ƙafa biyu zurfi. Ƙasarmu ja ce mai tauri, wani wurin ma da marmara, kuma a ƙarƙashin siminti akan tarar da ɓaraguzan gini, duk a kwashe su. A cuɗa ƙasa mai kyau da ruɓaɓɓen takin dabbobi, wanda ya yi baƙi ya daina wari. Ɗanyen kashin kaji yana ƙone saiwa. Ranar dashe a yanke ledar a cire ta gaba ɗaya, a dasa daidai zurfin da yake a leda, a danna ƙasar, a yi masa 'yar kwarya a gindi don riƙe ruwa. A lulluɓe da busasshiyar ciyawa ko ɓawon gyaɗa, amma a bar tazarar yatsu huɗu daga jikin dashen saboda gara. In akwai akuya ko tunkiya a gidan, a yi keji tun kafin a kawo dashen.

Lokacinsa daga ƙarshen Yuni zuwa Yuli ne, bayan ruwa ya zauna. Dashen Satumba saiwarsa ba ta kama ƙasa kafin ruwa ya ɗauke. Wurin saye kuma kada tsawo ya ruɗe ki. Ki ɗaga ledar ki duba ƙasanta, in saiwa ta huda ta kama ƙasa ko ta nannaɗe, ki bar shi ki ɗauki ƙarami mai lafiyayyen ganye. Lemu ki nemi mai aure, wato wanda aka haɗa reshen wani lemun a jikinsa, ki ce a nuna miki wurin haɗin, don shi ne ke saurin haihuwa.

Maganar ruwa ba ta kai yadda kike tsoro ba. Ɗan dashe da rani bokiti ɗaya sau biyu a mako ya ishe shi, in an lulluɓe gindin. Bayi mai yawa jefi-jefi ya fi yayyafi kullum, domin yayyafi yana sa saiwa ta tsaya a sama. Ruwan alwalar gida kaɗai, in an ajiye baho ana tarawa, zai riƙe bishiya biyu ko uku. A ƙara da ruwan wankin shinkafa da na kayan miya. Ruwan wanki mai bilic ko omo mai yawa, da ruwan gishiri, kada su je. Wata dabarar ita ce a binne tulun ƙasa kusa da dashen, bakinsa a waje, a cika a rufe, ruwan ya riƙa tsattsafowa. Da damina kuma ki tuna kowace milimita ɗaya ta ruwan sama a kan murabba'in mita ɗaya lita ɗaya ce. Rufin da ya kai murabba'in mita 50 yana zubar da wajen lita 50,000 a shekara ta indararo. Ko duro biyu kika tara kin rage kuɗin garuwa, amma a rufe su ruf, saboda sauro da kuma autanki.

Yaran

Nan ne aikin yake. Abin da na gani a makarantu shi ne lambun da aka ce na kowa ne shi ke fara mutuwa, wanda kuma aka rubuta sunan yaro a jikin gwangwani ko ƙyauren keji yakan rayu, har yaron ya zo ranar da babu makaranta don ya ba shi ruwa. Yaro kuma ba ya iya jiran shekara uku, don haka kowa a haɗa masa mai sauri da mai jinkiri.

Autan ki ba shi gwangwanin madara biyu da aka huda ƙasansu, da ƙwayar wake. Cikin kwana uku zuwa biyar zai ga ƙasa ta tsage, wuyan waken ya fito a lanƙwashe yana jan kansa sama. Na ce biyu ne saboda ɗan shekara huɗu sai ya tono ya ga abin da ke faruwa a ƙasa, kuma bai kamata a hana shi ba. Ɗaya na tonowa ne, ɗaya na bari. Ruwa kuma da ɗan kofi zai riƙa ba shi, don in kika ba shi buta sai ya nutsar da shi.

Na tsakiya ya kai ya riƙe buhu ko tsohuwar taya. A cika da ƙasa da taki, ya yafa alayyafo, cikin mako uku zuwa huɗu an fara yanka. Ki sa masa gyaɗa ma, don yara suna mamakin yadda take fure a sama sannan ta soka ƙasa ta yi 'ya'ya a ciki. Bishiyarsa zogale ce. Duk Juma'a ya tsaya kusa da ita a yi alama da gawayi a bango, kafin damina ta fita ta wuce shi. Idan ta kai ƙugun babba a tsinke kanta don ta yi rassa, in ba haka ba sai ta miƙe sama ganyen ya fi ƙarfin hannu. Zai yi miki kuka ranar da za a tsinke, ki yi masa bayani ki bar shi ya tsinke da kansa.

Babbar ita za a ba gwaba ko lemun tsami, da littafi. Ta riƙa rubuta ranar dashe, ranar da aka yi ruwa, ranar da sabon ganye ya fito, da ƙwarin da ta gani. Gwaba takan fara 'ya'ya a shekara ta biyu ko ta uku. In suna son gwanda, a shuka uku a kan tudun ƙasa, don ba ta son ruwa ya kwanta mata a gindi, kuma akwai namiji da ba ya haihuwa, sai sun yi fure ake ganewa.

Tunda furanni ne suka ja hankalinsu, kada a hana su. Marigold da zinniya suna fitowa daga iri ba wahala, suna fure cikin wata biyu, ga launi iri-iri, kuma yara za su iya tara irin su ajiye na baɗi. Kuɓewa da yakuwa da riɗi ma furensu kyakkyawa ne. A jera su a gwangwanaye da tayoyi launi-launi, za su sami ɗan abin da suka gani a hoto. Da hunturu a koma latas da karas da lansir.

Ke kuma, Hajiya, ga naki. Kada ban ruwa ya zama horo ga wanda ya yi laifi. A sa masa lokaci sananne, kafin tafiya makaranta ko bayan dawowa daga Islamiyya, minti goma ya isa. Kada ki bi bayansu ki gyara a ɓoye, in yaro ya gane wani ke yi masa sai ya saki. Ranar da aka fara yankan alayyafo a sa shi a miya, ki faɗa a gaban babansu cewa wannan na wane ne, a kuma ɗiba yaron ya kai wa maƙwabta da hannunsa.

Wata shukar za ta mutu, babu makawa. Kada a jefar, ku tumɓuke tare ku duba saiwar. In ta yi baƙi tana wari, ruwa ne ya yi yawa, kuma wannan shi ne ya fi kashe shukar yara. In cikin karan ya zama rami da ƙasa a ciki, gara ce. In an datse shi daga gindi cikin dare, ku tona kusa za ku tarar da tsutsa a nannaɗe. Ki koya musu soka yatsa a ƙasa kafin ban ruwa, in da danshi a bari sai gobe.

Abin kiyayewa

Akwai tsirran da ba na yarda su zauna inda ƙananan yara suke: zurma da bini-da-zugu saboda 'ya'yansu guba ne, zaƙami, da tumfafiya da tinya masu farin ruwan da ke cutar da ido. Wasu furannin adon da ake sayarwa a bakin titi ma masu farin ruwa ne, a tambaya kafin a saya. In yaro ya ci wani abu daga ciki, a tafi asibiti da samfurin tsiron, kada a tsaya jiƙe-jiƙe. Maganin feshi na gona ba shi da wuri a lambun yara. A tsince tsutsa da hannu, a barbaɗa toka, ko a jiƙa dakakken ganyen darbejiya ya kwana a tace a yayyafa. A riƙa share gindin tayoyi da gwangwanaye saboda kunama, a sa takalmi, a wanke hannu da sabulu bayan taɓa taki.

Ban ga gidanku ba, don haka tazarar da na bayar ta gama-gari ce. Katangar da ta tsage aikin magini ne, shi zai duba tushenta ya faɗi ko saiwa ce kaɗai ko har da ruwan da ke kwanciya a gindinta. Kututturen darbejiyar ma a sa masa ido, domin takan sake toho, in kuma ta mutu gara takan bi ruɓaɓɓiyar saiwar. In Alhaji bai sauko ba tukuna, kada ki matsa. Buhu da taya da gwangwani ba sa bukatar a taɓa siminti, lemun tsami kuma yana rayuwa har ya haihu a cikin rabin duro da aka huda ƙasansa aka ɗora a kan bulo. Ku fara da waɗannan a daminar bana, maganar fasa siminti a bar ta sai baɗi.